Saniya, Kaza da Alade a Masana'antar Allurar Rigakafi

Ana yin allurar rigakafi ne daga ƙwayar cutar da ake son karewa. Ko dai a raunana ta, ko a kashe ta, ko a ciro wani ɓangare nata, don jiki ya gane ta ya yi mata shiri tun kafin ta zo da ƙarfinta. Sai dai kafin a kai ga haka, dole a reni ƙwayar cutar ta hayayyafa da yawan gaske, kuma a nan ne dabbobi ke shigowa cikin aikin. Bakteriya, irin masu kawo mashaƙo da tarin fuka, tana iya rayuwa a cikin ruwa matuƙar an ba ta abinci, kuma abincin da masana suka fara gano tana karɓa shi ne romon nama da madara da jini. Bairos kuwa, irin na ƙyanda da shan inna da shawara, ba ya hayayyafa ko kaɗan sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Duk mai son ya yi rigakafinsa sai ya nemo masa jikin da zai zauna.

A ƙaramar hukumar Buji, mai hedikwata a Gantsa cikin masarautar Dutse, jaririn da aka kai asibiti yakan karɓi allurar lamba ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta tun kwanakinsa na farko. A sati 6 da 10 da 14 a yi masa wasu, a wata 9 kuma a yi masa ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, Musulmi, waɗanda tun suna yara suka san bambancin yankakke da mushe. Idan uba ko uwa suka tambayi abin da aka zuba a cikin kwalbar, tambaya ce da ta dace, kuma tana da amsa. Amsar ita ce lalle ana amfani da abubuwan da suka fito daga jikin dabbobi, har da alade a wasu alluran, amma ba duka ke da matsayi ɗaya ba. Wani masauki ne da ƙwayar cutar ke girma a ciki, wani abinci ne ko kayan aiki da ake wankewa kafin a gama, wani kuma da gangan ake barinsa a cikin kwalbar. Yawancin ruɗanin da ake samu yana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan.

Tarihin rigakafi daga jikin saniya ya faro. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya ɗebo ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsar nono da ta kamu da ƙurajen shanu, ya sa a tsagar da ya yi wa wani yaro ɗan shekara 8 a hannu, yaron ya samu kariya daga agana. Daga baya aka koma noman ƙwayar a jikin maraƙi kai tsaye: a aske masa ciki, a yi tsaga-tsaga, a shafa ƙwayar, bayan 'yan kwanaki a kankare ƙurajen a tace. Tabon lamba da ake gani a damtsen dattawan Jigawa da suka haura shekara 60, da yawansa daga irin wannan rigakafi ya samo asali, kuma da shi aka kawar da agana daga doron ƙasa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 1980. Ita ma allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai, BCG, asalinta ƙwayar tarin shanu ce da aka samo daga wata saniya mai ciwon hantsa a Faransa. Albert Calmette da Camille Guérin sun yi shekara 13 suna renonta a kan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan maɗaciyar sa, suna sauya mata mazubi har sau 230, sai da ta yi laushin da ba ta iya kawo ciwo. A 1921 aka fara ba jariri a birnin Faris.

Makiyaya sun ga irin wannan aiki a garkensu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana samar da rigakafin dabbobi ga ƙasar nan. Bushiya, annobar da ta sha share garken shanu a ƙasar Hausa, an ci ƙarfinta ne da rigakafin da Walter Plowright ya samar a Kenya ta hanyar renon bairos ɗin a ƙwayoyin ƙodar maraƙi. A 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Bayan saniya sai kaza. A farkon shekarun 1930 masana a Amurka suka gano cewa ƙwai mai ɗan tsako a ciki wuri ne mai kyau na renon bairos. Rigakafin shawara har gobe a haka ake yinsa. Bairos ɗin da ake amfani da shi an ɗebo shi ne a 1927 daga jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, lokacin da tawagar masu bincike ta gidauniyar Rockefeller ke da sansani a Yaba ta Legas. Max Theiler ya yi ta sauya masa mazauni har ya raunana a 1937, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1951. A masana'anta, akan ɗauki ƙwan da kaji na musamman suka saka, kajin da aka killace aka tabbatar ba su ɗauke da wata cuta. Idan ɗan tsakon ya kai kwana 7 zuwa 9, sai a haska ƙwan a ga yana raye, a huda ɓawon da ƙaramin rami, a zuba bairos, a toshe, a mayar cikin injin ɗumi. Bayan kwana 3 ko 4 a fasa, a ciro ɗan tsakon, a niƙa, a tace, a busar. Cibiyar Pasteur ta Dakar a Senegal na cikin 'yan wurare ƙalilan a duniya da ke wannan aiki. Yawancin alluran mura ma a ƙwai ake yin su.

Shan inna kuma da biri aka fara. Bayan da John Enders da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa ana iya renon bairos ɗin a cikin kwalba, rigakafin Jonas Salk na 1955 da na Albert Sabin da ya biyo baya duk a ƙwayoyin ƙodar biri aka yi su, kuma an kashe birai masu ɗimbin yawa a wancan zamani. A 1962 masana a jami'ar Chiba ta Japan suka samu wani jerin ƙwayoyi daga ƙodar biri ɗaya ɗan asalin Afirka, ƙwayoyin da ke ci gaba da rabuwa ba iyaka. Ana kiransu Vero. Ana ajiye su a daskare, a ɗebo kaɗan a hayayyafa duk lokacin da ake bukata, ba tare da an sake taɓa wani biri ba. Da su ake yin rigakafin shan inna da dama, da na gudawar yara ta rota wanda Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022, da na cizon mahaukacin kare. Akwai kuma alluran da ake renon bairos ɗinsu a ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka samo tun shekarun 1960, amma wannan babi ne mai zaman kansa.

Su waɗannan ƙwayoyi da ke cikin kwalba suna bukatar abinci. Abin da aka fi ba su shi ne ruwan jinin ɗan tayin saniya, wato ruwa mai garai-garai da ke saura bayan jini ya daskare. Ana ɗebo shi ne a mahauta idan aka yanka saniya aka tarar da ciki. Tun da cutar haukar shanu ta ɓulla a Birtaniya a 1986, hukumomi suka tsaurara, ana neman wannan ruwa daga ƙasashen da shanunsu ba su da haɗarin cutar, irin su Ostireliya da New Zealand. Ana daina ba da shi kafin a girbe bairos, a wanke ƙwayoyin, a tace. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce abin da zai saura na furotin ɗin jinin saniya kada ya wuce nanogiram 50 a allura ɗaya, wato kashi 1 cikin miliyan 20 na giram. Bakteriyar mashaƙo da ta sarƙe-haƙora kuma akan ciyar da su da furotin ɗin madarar shanu, wani lokaci da romon naman sa, kafin a ciro dafinsu a kashe masa kaifi a mayar da shi rigakafi.

Alade yana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce tiripsin, wani sinadarin narkar da abinci da ake samowa daga wata gaɓa da ke manne da hanjinsa. Ƙwayoyin halitta suna girma ne a manne da bangon kwalba, kuma idan suka cika ta sai an ɓamɓaro su a raba su zuwa wasu kwalabe. Aikin tiripsin ke nan: a zuba shi na 'yan mintoci, ƙwayoyin su saki bango, a wanke shi. Kayan aiki ne, ba ya cikin abubuwan da ake nufin su shiga jikin yaro.

Ƙofa ta biyu ita ce jelatin, kuma ita ce ta fi jawo magana, domin shi yana nan a cikin kwalbar. Duk matar da ta taɓa dafa ƙafar saniya ko ganda ta bar romon ya kwana, ta ga jelatin da idonta: shi ne abin nan da ke sa romo ya kame ya yi dam-dam yana rawa a cikin tukunya. Daga fata da ƙashi da jijiya yake fitowa. Wanda ake sa wa a rigakafi yawanci daga fatar alade ake yinsa, bayan an jiƙa ta a ruwan asid, an dafa, an tace, sannan an farfasa sinadarin zuwa ƙananan gutsattsari. Amfaninsa shi ne kare bairos mai rai daga lalacewa lokacin da ake busar da shi da kuma lokacin da zafi ya taɓa shi. Wanda ya ga kwalbar rigakafin ƙyanda kafin a haɗa ta zai ga ɗan busasshen dunƙule mai haske a gindinta, da tambarin murabba'i cikin da'ira a jikin murfi ko takarda, wanda ke yin duhu idan zafi ya yi mata yawa. Wannan ɗan dunƙule sai ya baro masana'anta a Indiya ko Turai, ya sauka a ma'ajiyar sanyi ta ƙasa, ya iso Dutse, daga nan ya shiga firjin hasken rana na asibitin ƙaramar hukuma, a ƙarshe ya hau babur cikin akwatin ƙanƙara zuwa ruga a tsakiyar zafin bazara. Abin da ke riƙe shi a wannan doguwar tafiya, bayan sanyi, shi ne sinadarin da aka sa don ya kare shi. A allurar MMR II ta kamfanin Merck, mai kare yara daga ƙyanda da wasu cututtuka, jelatin ɗin bai wuce miligiram 15 ba. Ba kowane kamfani ke amfani da shi ba. Priorix ta kamfanin GSK, mai maganin cututtuka iri ɗaya, ba ta da shi. Ɗigon shan inna yawanci da gishirin magnesiyam ake kare shi, allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi a cinya ma ba ta bukatar jelatin. Kuma ba a rigakafi kaɗai ake samunsa ba: ɓawon yawancin kafson da ake saye a kemis da jelatin ake yinsa, na saniya ko na alade.

Malaman Musulunci sun daɗe da zama a kan wannan mas'ala, kuma ba ta tsaya a kan alade kaɗai ba, tun da jini da mushe ma najasa ne. Ginshiƙin maganar shi ne istihala, wato abu ya canza daga asalinsa ya zama wani abu daban mai sabon suna da sabuwar siffa. Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san wannan babi, domin Muhtasar na Shehu Khalil ya lissafa almiski, da giyar da ta rikiɗe ta zama khal, da shukar da aka rena da najasa, duk a cikin abubuwa masu tsarki. Manomin Buji da ke kai taki gona ya girbe gero bai taɓa ɗaukar geron a matsayin taki ba. Malikiyya da Hanafiyya sun faɗaɗa wannan ƙa'ida, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma sun taƙaita ta. A 1995 Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta tara malamai da masana fiye da 100 a Kuwait, suka yanke cewa jelatin da aka samu ta hanyar sarrafa ƙashi da fata da jijiyar dabba mai najasa ya tsarkaka, kuma ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Gabashin Bahar Rum ya rarraba wannan matsaya a wata wasiƙa ta 2001. A watan Yuli na 2003 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta halatta ɗigon shan inna da aka yi amfani da tiripsin wajen haɗa shi, bisa hujjar cewa abin ƙanƙani ne da ya narke ya ɓace a cikin mai yawa, ga kuma cutar da ake karewa mai nakasa yara.

Ba duka malamai suka yarda cewa jelatin ya rikiɗe gaba ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ce a 1998 bai halatta a ciro shi daga fata ko ƙashin alade ba. Majalisar Malaman Indonesiya, ƙasar da Shafi'iyya ke da rinjaye, ta duba rigakafin ƙyanda da rubela na kamfanin Serum Institute na Indiya a watan Agusta na 2018, ta ce an yi amfani da abin da ya fito daga alade wajen haɗa shi, don haka asalinsa haramun ne, amma ya halatta a yi wa yara saboda larura, tun da babu madadinsa kuma barinsa haɗari ne. Abin takaici, rabin farko na fatawar ya fi rabin ƙarshe saurin yaɗuwa, iyaye da yawa suka janye yaransu, musamman a lardin Aceh. Abin lura shi ne hanyoyin biyu, ta istihala da ta larura, wuri ɗaya suka ɓulle: a yi wa yaro allurar.

Arewacin Nijeriya ya ɗanɗani kuɗar rashin yarda. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi bayan zargin cewa an sa maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau a ciki. Ba batun alade ne ya tayar da wannan rikici ba, kuma ba daga sama tsoron ya faɗo ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai a watan Yuli na 2004 Kano ta dawo da aikin, da rigakafin kamfanin Bio Farma na Indonesiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma Jigawa ta yi shekaru tana cikin jihohin da suka fi fama. Sai da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka shiga aikin gadan-gadan, kafin aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka sanar da cewa Afirka ta rabu da shan inna na daji. Don haka kuskure ne babba ma'aikacin lafiya ya ce wa uba babu komai na dabba a ciki alhali akwai. Ran da uban ya ji gaskiya a waya ko a rediyo, ba allura ɗaya zai ƙi ba, duk abin da ya fito daga asibitin zai ƙi.

Ta fuskar lafiya ma akwai abin faɗa, kuma ɓoye shi ba ya da amfani. Tsakanin 1955 da 1963 wani bairos na birai mai suna SV40 ya shiga wasu alluran shan inna ba a sani ba, aka gano shi aka kafa dokar tantancewa, kuma binciken shekaru da dama a kan waɗanda aka yi wa bai tabbatar da cewa ya jawo musu ciwon daji ba. A 2010 aka gano ɓurɓushin wani bairos na alade a rigakafin rota na Rotarix. Hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da shi a watan Maris, ta dawo da shi a watan Mayu bayan ta gamsu cewa ba ya cutar da mutum. Haɗarin da ya fi kusa da iyaye shi ne borin jini. Wanda jikinsa ke yin mummunan bori idan ya ci ƙwai yana bukatar a yi hattara da shi wajen allurar shawara, haka ma mai irin wannan matsala da jelatin. Bori mai tsanani bayan rigakafi bai fi sau 1 ko 2 a cikin allura miliyan ba, kuma yana da magani nan take idan ya faru a gaban ma'aikaci. Saboda shi ne Japan ta cire jelatin daga yawancin alluranta a ƙarshen shekarun 1990.

Masana'antar kanta tana rage dogaro da dabbobi, don tsabta da kuma sauƙin aiki. Rigakafin ciwon hanta tun 1986 da yis ake yinsa, dangin wanda ake sa wa a burodi. Haka na kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a Nijeriya a watan Oktoba na 2023, inda Jigawa ke cikin jihohin farko, da na zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. Yanzu akwai tiripsin da ƙwayoyin yis ko bakteriya ke samarwa, akwai kuma abincin ƙwayoyin halitta da ba ruwansa da jini. Wasu alluran ma a ƙwayoyin jikin ƙwari ake yin su, har da na tsutsar nan mai cinye masara da ta shigo Nijeriya a 2016. Amma canjin ba ya zuwa da sauri. Idan aka taɓa sinadari ɗaya a allurar da aka yi shekaru ana amfani da ita, sai an sake gwaje-gwaje masu tsawo da tsada don a tabbatar ingancinta bai ragu ba. Wasu magungunan kuwa har yanzu ba su da madadin dabba: maganin dafin mashaƙo da aka yi ta nema lokacin annobar da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 daga jinin doki ake ciro shi, maganin saran kububuwa kuma daga jinin tumaki ko dawaki.

Kowace allurar da ke shiga asibitin gwamnati sai hukumar NAFDAC ta yi mata rajista, kuma galibi ta hannun UNICEF ake sayo ta daga kamfanonin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance. A cikin kowane kwali akwai takardar da ta lissafa abubuwan da aka haɗa ta da su, kuma suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ya kamata ma'aikatan rigakafi a Gantsa da sauran mazaɓun Buji su karanta wannan takarda su iya fassara ta da Hausa, limamai kuma a ba su cikakken bayanin yadda ake haɗa alluran don fatawarsu ta tsaya a kan sani. Iyaye su tambaya ba tare da jin nauyi ba, su faɗa wa ma'aikaci idan ƙwai na sa yaro bori, su ɗan zauna a asibitin bayan an yi allurar kafin su kama hanyar gida. Ana yin allurar ƙyanda ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati.